Kaset ɗin Ɗan Fari

Alhaji Shitu na Malumfashi ne ya kawo kaset ɗin, bayan alhazai sun dawo a shekarar 1980. Ya tsaya a ƙofar gidana a Funtuwa da hantsi, na yi na yi ya shigo ya ƙi, ko ruwa bai karɓa ba sai da ya sauke abin da ya ɗauko. Yayana Aƙilu ya rasu a Sudan, ciwon ƙirji. Wani ɗan ƙasarmu da ya yi jinyarsa ne ya haɗu da Alhajin a Makka, ya damƙa masa kaset naɗe a cikin hankici, ya ce a kai wa uwar mamacin.

Shekara goma sha biyu ke nan rabonmu da Yaya Aƙilu. Sun yi faɗa da Baba a Tsiga kan gonar auduga, gari ya waye babu shi, bai yi wa kowa sallama ba, har Inna. Baba ya rasu da fushinsa. Ni da na samu aikin koyarwa a firamare sai na ɗauko Inna na dawo da ita wurina, da ita da awakinta biyu, don ta ce ba ta zuwa ko'ina babu su.

Bayan an share makoki na sa kaset ɗin a 'yar rakodata a tsakar gida. Muryar tana nan, amma can ƙasa, kamar mai magana a cikin tulu. Da ji ka san batir ya yi sanyi lokacin da aka ɗauka, shi ma mai maganar numfashi yake ja da ƙyar. Kusan rabin sa'a ya yi yana magana, kuma duk da Inna yake. Ya tuno furar da take aika masa gona ta hannun wani, ba ta taɓa cewa ita ta dama ba. Ya roƙe ta gafara sau uku, na ƙirga. Na ukun kuka ya ci ƙarfinsa.

Inna tana kan tabarma ta ba mu baya, tana tsintar wake. Kunnenta dama ya daɗe da yin nauyi, sai ka zo ta damanta ka ɗaga murya. Na ɗauki rakodar na kai mata kusa da kunne, sai ta gusa ta ce in kauce ina tare mata haske. Na durƙusa na fara cewa, "Inna, yana cewa..." Ban kai ko'ina ba ta miƙe ta tafi wurin awaki.

A nan ya kamata in gane. Yaya Aƙilu ɗan fari ne. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, sai dai "wancan". A ɗakin kakarmu ya tashi. In ya shigo Inna takan sami aiki a madafa, in ana yabonsa ta yi kamar da wani ake. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma baƙin ciki da ɗan bokon da ke kaina suka haɗu suka rufe mini ido, na yanke hukunci cewa kunne ne kawai matsalar. Na yi rantsuwa a raina sai Inna ta ji roƙon nan da kunnenta, don ban iya barci da tunanin ɗan'uwana yana kwance a ƙasar wasu bai sami yafiyar uwarsa ba.

Na nufi shagon Raufu mai gyaran rediyo, bayan tasha. Raufu Bayarabe ne, amma a Funtuwa aka yanke masa cibiya, ajinmu ɗaya a firamare, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya saurari kaset ɗin ido a rufe. Ya ce muryar ba ta ɓata ba, shuu ɗin nan ne ya danne ta, ana iya tono ta. Sai ya sunkuya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci, ya hure gizo-gizon da ke kai. Wani malami Ba'indiye ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu: amfilifaya ce, injin ƙara sauti, amma a warwatse, kowane ƙarfe da 'yar ledarsa, da littafi mai zane yana nuna yadda ake haɗawa. Irin ta da ce, mai kwalabe huɗu na gilashi da ke yin ja in sun ɗau zafi. Raufu ya raina rediyon zamani, yana cewa muryar mutum ba ta fita da ɗuminta sai ta bi ta kwalba.

Kafin mu taɓa komai ya juya kaset ɗin ya nuna mini wasu 'yan harsuna biyu na roba a bayansa. Ya ce mu ɓalle su da wuƙa, in an ɓalle ba a iya ɗaukar wata magana a kai, sannan mu kwafe shi a wani kaset mu ajiye. Na fizge abina. Na ce ba mai sa wuƙa a jikin abin da ya rage mini na ɗan'uwana, kwafi kuma sai injin ya tashi, mu kwafe muryar tana fita tangaran. Ya ce, "Malam Isyaku, rigakafi ya fi magani." Na ce masa ya bar mini karin magana, ni ke koyar da ita.

Mako uku muka yi. Ina tashi daga makaranta sai shago, ko gida ba na biyawa. Ni ke karanta littafin ina fassarawa, shi ke riƙe ƙarfen dalma. Akwai taransifoma biyu masu nauyin ɗan dutsen niƙa, da muka ɗaure su a kan faranti sai da bencin ya yi ƙara. Akwai wasu ƙanana masu zobban launi, kowane launi da lissafinsa, Raufu ya sa na haddace su yana yi mini tambaya kamar ɗan aji uku, in na kuskure ya ce kaico da yaran da nake koyarwa. Hayaƙin dalma ya kama rigunana har Bilki matata ta daina haɗa su da sauran wanki. Ya kafa mini doka: in injin yana buɗe, hannu ɗaya a aljihu, don akwai wasu gwangwanaye a ciki da ke riƙe wuta ko an kashe. Na ɗauka tsoratarwa ce sai da ɗaya ta harbe ni a yatsa, na yi jifa da sukudireba har bakin titi. Raufu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya duba ko ina da rai.

Ranar da muka fara kunnawa kwalaben suka yi ja a hankali, sai wani gurnani ya cika shagon, ba murya ba komai. Kwana biyu muna neman inda ya fito. A ƙarshe Raufu ya kafa turken ƙarfe a ƙasa bayan shago, ya ɗaura masa waya, ya zuba masa bokitin ruwa, gurnanin ya kwanta. Daga nan ya ajiye littafin ya ce Bature ya yi nasa, saura namu. Bature don kiɗa ya yi injinsa, mu kuwa murya muke nema, kuma kunnen tsoho siririn sauti yake fara rasawa. Ya ciccire wasu ƙananan ya sauya da nasa, ya rage kaurin sautin, ya ɗaga wajen da harshe ke fita. Duk sauyi ɗaya sai mu sa kaset mu ji. Maiwada kafinta ya yi mana akwati na katakon maɗaci, da ramuka a baya don iska. Ran da muryar Yaya Aƙilu ta fito sosai, har ana jin yana haɗiyar yawu, Raufu ya fita waje ya ce zai sayo goro, bai dawo ba sai da kaset ya ƙare.

To, ga inda na yi wautar da har gobe take cina. Abu ya yi kyau, sai na so a gani. Na ce ranar Lahadi da la'asar za a sa wa Inna, na gaya wa maƙwabta, na aika wa dangi biyu a Tsiga, na ce Raufu ya zo da mahaifiyarsa. Bilki ta same ni ina shimfiɗa tabarmi ta ce a hankali, "Malam, a gaban mutane?" Na daka mata tsawa na ce ta je ta ji da tukunyarta. Ta juya ta koma madafa.

Tsakar gida ta cika. Na ɗora injin a kan tebur, lasifika tana fuskantar inda na zaunar da Inna, kowa ya zuba mata ido. Iya Raufu tana gefenta, matar da duk Funtuwa ba mai kiranta sai da sunan ɗanta na fari, tun ba a fara ba take share hawaye. Kwalabe suka yi ja, na danna. Muryar ta fito har bayan katanga.

"Inna, ni ne."

Ta ji. Wallahi ta ji, na ga kafaɗarta ta motsa. Sai ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ɗauki butarta, ta ratsa mutane ta shige ɗaki ta saki asabari. Na kashe injin. Mutane suka fara kallon ƙasa, masu hankali suka fara neman takalmansu.

Zuciya ta ɗebe ni na bi ta. Ban taɓa ɗaga wa Inna murya don fushi ba sai ranar. Na ce, "Inna, ya mutu fa. Mutuwar ma ba ta isa ki saurare shi ba?"

Tana zaune bakin gado, butar na hannunta har lokacin. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ka tara mini gari, Auta."

Iya abin da ta faɗa ke nan, kuma ya ishe ni. Na fito. Na kwashe kayan na kai ɗakina, na mayar da kaset farko na bar shi a cikin rakodar, na rufe duka da zane. Kwana biyu ban iya haɗa ido da Bilki ba.

Raufu ne ya zo da dabara. Ya ce tun da Inna tana son ƙarfi kuma ba ta son kowa ya ji, sai a kai mata muryar cikin kunnenta ita kaɗai. Zai nemo kan tsohon tarho, wanda ake karawa a kunne, ya fitar masa da waya daga injin, ya sa maɓallin da zai kashe lasifika. Ya ce in ba shi zuwa Asabar. Na ce to, na ƙara da cewa da tun farko ya faɗi haka. Ya tafi neman tarhon.

Ranar Juma'a na tafi masallaci, Bilki ta shiga maƙwabta barkar haihuwa, Inna kaɗai aka bari a gida. Da na dawo na ga zanen da na rufe injin ya ɗan karkace. Na gyara shi, ban kawo komai a raina ba.

Asabar da hantsi Raufu ya zo da kan tarhon, baƙi, gefensa a fashe an ɗaure da zare. Ya buɗe bayan akwatin ya yi liƙe-liƙensa, ya huda rami ya dasa maɓalli. Da za mu gwada sai na ga kaset ɗin ya yi nisa, alhali a farko na bar shi. Na mayar da shi, na kara tarhon a kunnena, na danna.

Ba "Inna, ni ne." Sai ƙarar taɓa ƙarfe, da numfashin mutum kusa, da kukan akuya daga nesa, akuyar gidanmu. Nan take na gane abin da ya faru. Rakodar tana da maɓallai a jere, ja na ɗaukar magana yana manne da na saurare. Wanda bai saba ba, in ya sa tafin hannu ya danna, biyun za su shiga tare.

Sai na ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa.

"Kai. Yi maganarka, ba kowa."

Shiru. Ina jin ta tana gyara zama, tana matso da kunne jikin lasifika. Ta jira, ta jira. Ta ce, "Ko ni ce ba na ji." Wani shirun ya fi na farko tsawo, kaset yana ta juyawa yana cin muryar ɗan'uwana, ni kuma ina tsaye ba abin da zan iya, don abin ya riga ya faru tun jiya.

Sannan ta faɗa. "Aƙilu." Ta faɗe shi kamar mai ɗanɗana abu, ta sake, ta kuma sakewa. Shekarata talatin da huɗu ban taɓa jin sunan nan da muryarta ba.

"Ran da ka fita idona biyu. Na ji ka tsaya a bakin ƙofata. Da na yi ko tari ne da ka shigo, ban yi ba. Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini."

Ta yi ta magana bayan wannan, kan furar, kan wata rigar saƙi da ta ajiye masa. Ba zan faɗa ba, ba nawa ba ne. Can sai aka ji tana dannawa tana dannawa, ƙarfe ya yi ƙas, ta ɓace. Shuu ɗin Sudan ya dawo, da muryar Yaya Aƙilu a gajiye, daf da ƙarshe:

"...a gaida mutanen gida. Inna, in damina ta faɗi ki daina zuwa gona da ƙafar nan taki. Shi ke nan abin da zan ce. Na bar ku lafiya."

Kaset ya ƙare. Roƙon gafara uku, da furar, da kukan, duk sun tafi. Ba su rage ko'ina a duniya ba sai a kaina da kan Bilki da Raufu.

Raufu bai ji komai ba, tarhon ya yi aikin da aka yi shi dominsa, amma yana kallon fuskata. Na ce masa an goge, saura kaɗan a ƙarshe. Bai tambayi wa ya goge ba, bai kuma tuna mini abin da ya faɗa a shago ba, da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ya miƙo hannu na ba shi kaset ɗin, ya ciro 'yar wuƙarsa ya ɓalle harsunan nan biyu, ya miƙo mini. Da na sani ƙeya ce. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ran da Alhaji Shitu ya zo, na takaicin kaina, don ba wanda ya goge kaset ɗin nan sai ni.

Da na natsu muka kai injin ɗakin Inna tana wurin awaki. Raufu ya ja waya ta saman ƙofa, ya liƙe jan maɓallin da filasta, ya yi mini sallama. Na zare kaset na sa biro a raminsa ina juyawa, ina gwadawa a kunnena, har na tsayar da shi daidai bayan ƙas ɗin nan. Na tura Bilki maƙwabta.

Da Inna ta shigo ta ga akwatin sai ta tsaya a bakin ƙofa. Na ce mata a kunnen dama ba wanda zai ji sai ita, ko ni ba zan ji ba. Ta daɗe tana kallon kwalaben suna yin ja. Sannan ta zauna bakin gado ta karɓi tarhon da hannu biyu. Na gyara mata shi a kunne, na danna, na fita da sauri na saki asabari, na je na tsaya can wajen turken awaki na ba ɗakin baya.

Ba a daɗe ba ta kira, "Auta."

Na shiga na durƙusa. Tarhon yana kan cinyarta, ta dafe shi da tafin hannu. Fuskarta a bushe, sai dai bakin zanenta ya jiƙe.

"Iya abin da ya faɗa ke nan?"

In na ce akwai saura, sai ta tambayi ina yake. In na faɗi inda ya tafi, za ta san muryarta tana ciki, ta san na ji ta tana kiran sunan. Na riga na tara mata gari sau ɗaya. Na buɗe baki da niyyar in ce ya roƙe ki gafara har sau uku, maganar ba ta fito ba, kuma har Inna ta koma ga Allah bayan shekara huɗu ban faɗa mata ba.

Na ce, "Iya shi ke nan, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Wancan dama ba shi da yawan magana." Ta shafa tarhon da yatsa, ta ce, "Mayar mini da shi baya."

Na zare kaset ɗin, na sa biro, ina juyawa a hankali ina ƙirgawa, don kada in zarce.